Ƙaramar Ƙararrawar Malam Mamuda

Shafi na 17

Sallama ga masu bibiya, manya da yara. Na ga saƙonninku, har da na masu yi mini tsawa don na kwana biyu ban saki shafi ba. A zamaninmu idan dattijo yana ba da labari, sauraro ake yi har ya kai aya. To ku gyara zama.

Wanda ya shigo yau, ga inda muka tsaya. Sakinatu ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai, an turo ta firamaren Tudun Mati, tsakanin Malumfashi da Kafur, ta yi gwajin koyarwa. Tana da lalurar da likita a Zariya ya kira nakolefsi: barci yakan sauko mata da rana tsaka ba sallama, idan kuma dariya ta kama ta sai gwiwoyinta su saki. Jiya wani ɗan aji biyar ya ba ta amsa mai ban dariya, ta zube a gaban allo, yara suka watse suna ihun aljanu. Yau da safe kwamitin iyaye ya zauna a kanta. Bara ma wata makaranta ta mayar da ita. Idan wannan ta sake mayar da ita, kwaleji ta gama da ita ke nan.

*

A tsaye Sakinatu take a ofishin hedimasta, ta jingina kafaɗa da bango. An miƙa mata kujera ta ƙi, domin ta san abin da zama yake jawo mata.

Alhaji Lawal, shugaban kwamiti, dillalin hatsi a kasuwar Dandume, shi ne ya riƙe magana tun da aka buɗe taro da addu'a.

"Malama, ba ƙinki muke yi ba," ya ce. "Amma 'yata ta kwana tana firgita. Iyaye sun ce farfaɗiya ce, wasu sun ce mutanen ɓoye ne. Ni dai ban sani ba."

"Ba ko ɗaya ba ne, Alhaji. Ina shan magani. Abin da nake roƙo kawai, a ba ni wuri in ɗan kwanta lokacin tara, idan na tashi sai in koyar garau har a tashi makaranta."

"Kwanciya? A makaranta?"

Ya juya ga hedimasta, Malam Murtala, kamar wanda aka zaga.

"Ka ji ko? A wannan makarantar! Makarantar da Malam Mamuda ya riƙe shekara talatin ba a taɓa ganinsa zaune a aji ba. Mu da ya koyar mun sani. Mutumin da ko haƙoransa ba mu taɓa gani ba, balle hamma. Shi ya sa na aika a ɗauko shi. Abin da ya yanke, shi za a yi."

Malam Murtala ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai tausayi, sai dai bai taɓa ja da kwamiti ba.

Al'adar Tudun Mati ce tun asali, ba a yanke babbar magana a kan makaranta sai tsohon hedimasta ya sa baki. Haka aka yi lokacin da aka ƙara ajujuwa, haka aka yi lokacin rikicin gonar makaranta. Sakinatu ba ta taɓa ganinsa ba, labarinsa kawai take ji, kuma duk labarin na tsoro ne.

Sai aka ji sallama a bakin ƙofa, murya a ɗaure.

Kowa ya miƙe.

Dogon tsoho ne siriri, cikin farar riga da jar dara, sanda a hannunsa amma bai dogara da ita ba. Alhaji Lawal, da ƙaton cikinsa da furfurarsa, ya rusuna har ƙasa.

"Barka da zuwa, Malam. Ga kujera."

"Ka taɓa ganina a kanta, Lawal?"

"A'a, Malam."

"To."

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Idonsa ya wuce kowa ya sauka a kan Sakinatu, ya dubi kafaɗarta da ke jingine da bango, ya dubi kujerar da ta ƙi. Ya daɗe yana kallo.

"Ke ce Malamar?"

"Ni ce, Baba."

"Idan kika faɗi, kina jin abin da ake faɗa a kanki?"

Ban da likita, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

"Ina ji, Baba. Komai."

"Yaushe ya fara?"

"Ina aji huɗu na sakandare."

"Dannau fa? Yana kama ki idan za ki farka?"

"Yana kama ni."

"Tuwo da rana?"

"Na daina ci. Idan na ci sai in..."

Ta tsaya tana kallonsa, bakinta a ɗan buɗe.

Alhaji Lawal ya yi gyaran murya.

"Ka gani ko, Malam? Da bakinta ta amsa. Sai ka yanke."

"Zan yanke. Murtala, aika a kira mini Laraba."

"Wace Laraba, ranka ya daɗe? Mai ƙosai?"

"Akwai wata?"

Kowa a garin ya san Iya Laraba, wadda take suyar ƙosai a gindin darbejiyar ƙofar makaranta tun kafin a haifi yawancin malaman. Daga gidajen Maguzawa na bayan rafi take, kuma mahaifinta da mahaifiyar Malam Mamuda ciki ɗaya suka fito. Wato taubashiyarsa ce, wadda al'ada ta ba ta damar ta tsokane shi ko a gaban sarki. Amma babu mahalukin da ya taɓa jin ta yi masa wasa. Idan ya wuce sai ta gaishe shi kamar baƙo. Mutane sukan ce kwarjininsa ne ya kai har taubashiya ta ji tsoro, suna faɗa suna alfahari.

Ta shigo tana goge hannu da gefen zane, matsami a ɗaya hannun, ƙamshin mai yana biye da ita.

"Wa ya mutu? Na bar kasko a wuta."

"Laraba," in ji Malam Mamuda. "Alkawarin da na ɗora miki, na sauke shi yau."

Tsohuwar ta tsaya cak.

"Mamuda, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

"A nan? Gaban yaran nan?"

"Gabansu."

Ta dubi Sakinatu, ta dube shi. Ta ajiye matsamin a kan teburin hedimasta, a kan takardu, ba ta ko nemi izini ba. Idonta ya ciko da ƙwalla, amma bakinta ya riga ya fara motsi.

"To bawana, matsa kusa da tabarmar sallar can. Ƙashinka ba na da ba ne."

Alhaji Lawal ya zaro ido. "Iya! Malam kike ce wa bawa?"

"Yi mini shiru, Lawali, ina sane da ƙosan da kake sata a kaskona kana ɗan aji biyu. Wannan da kuke rusuna wa, ni na san shi tun yana yawo ba wando. Ku tambaye shi labarin rumbun babana."

"Laraba..." in ji tsohon, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ai kai ka ce a sauke. Shekarar da ya dawo hutu daga kwaleji, ya zo gidanmu da sabuwar riga fara ƙal, ya yi rantsuwa shi ba zai ƙara Hausa ba sai Turanci. Ya ce wai mu ba mu iya auna dawa ba, shi an koya masa lissafinta. Ya hau tsani ya zura kai cikin rumbu. Riga ta maƙale. Kai a ciki, ƙafafu a sama suna harbin iska kamar ɗan akuyan da aka ɗaure a kan keke."

Malam Murtala ya toshe baki da hannu.

"Kakarmu ga ta ba ta gani sosai. Ta fito ta hango ƙafafu, ta ce ɓarawo! Ta ɗauko muciya. Tim! Shi kuma daga cikin rumbu yana ba ta haƙuri da Turanci. Tim! Ta ce ku zo ku ji, ɓarawon ma ba ɗan ƙasar nan ba ne!"

Wata irin ƙara ta fito daga ƙirjin Malam Mamuda, kamar an buɗe ƙofar da ta yi shekaru a rufe.

Dariya ce.

Alhaji Lawal ya ga haƙoran malaminsa a karon farko a rayuwarsa.

Sakinatu ita kaɗai ta ga abin da ke tafe, domin daga ciki ta san shi. Fatar idon tsohon ta sauko. Haɓarsa ta saki. Kansa ya rinjaya gaba, jar darar ta gangara ƙasa, sandar ta suɓuce. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali, ya tafi gaba ɗaya kamar rigar da aka zare daga ƙusa. Iya Laraba ta riga ta tara hannu, ta tallafi kansa har ya kai tabarma, cikin sabo irin na wadda ta taɓa yi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Alhaji Lawal ya dafe kai. "Ta kashe shi! Ruwa! Murtala, kawo ruwa! A sa masa cokali a baki!"

"Kada ku taɓa bakinsa!"

Sakinatu ce. Ita kanta ba ta san tana da wannan muryar ba.

"Kada a zuba masa ruwa. Ku matsa ya sha iska. Ba suma ya yi ba, yana jin ku. Yanzu zai dawo."

"Ke yarinya, kin tabbata?"

"Alhaji, jiya ni ce a nan."

Ana jin muryoyin 'yan aji uku daga nesa suna maimaita karatu, da ƙarar tarakta a gonar masara ta bayan katanga. Sakinatu ta durƙusa gefensa tana kallon yatsunsa. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka ita kaɗai ce a faɗin ƙasar Katsina da jikinta yake yi mata haka. Ga shi mutumin da aka ɗauko ya kore ta yana kwance yadda take kwanciya.

Alhaji Lawal ya raɗa wa hedimasta, "Ashe shi ma suna taɓa shi."

Ɗan yatsan tsohon ya motsa. Sai hannu. Ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido, ya tashi zaune da kansa. Iya Laraba ta kakkaɓe darar ta kifa masa a kai a karkace.

"Lawal."

"Na'am, Malam."

"Babu mai taɓa ni. Kuma cokalin, ka ajiye shi don koko."

Alhaji Lawal ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da babbar rigarsa.

"Tun ina kwaleji nake da shi," in ji Malam Mamuda. "A lokacin ba mu san sunansa ba. An kai ni wurin malamai, an kai ni wurin masu magani na bayan rafi, kowa ya yi iya yinsa. Da na ga ba zai tafi ba, sai na gina aikina a kewayensa. Kun ce ba na zama a aji. Idan na zauna barci zai ɗauke ni. Gwamnati ta ba hedimastoci babur, kuka ga na ba ƙanena, kuka ce gudun duniya ne. Tsoron in kashe ɗan wani a hanyar Funtua ne."

Ya juya ga Malam Murtala.

"Me ya sa ake buga ƙararrawa sau biyu idan za a dawo daga tara? Ƙarama tukuna, sannan babba?"

"Haka muka tarar, ranka ya daɗe. Na ɗauka don yara su shirya ne."

"Akwai wata makaranta a ƙasar Malumfashi da take yin haka?"

"Babu."

"Ina aka rataye ƙarfen?"

"A reshen da ke bayan sito."

"Daidai tagar sito. Kullum aka tashi tara nakan shiga in rufe, ku ce Malam yana wuridi. Barci nake yi. Ƙaramar ƙararrawa ta tashe ni, in wanke fuska, kafin a buga babba ina bakin aji. Da wannan ɗan barcin na koyar da kai, Lawal. Da shi na fitar da likitoci biyu da alƙali daga garin nan. Na bar aiki shekara goma sha wani abu, kuna ta buga ƙararrawar tashin mai barci, ba kowa a ɗakin."

Malam Murtala ya ce, "Allahu Akbar," a hankali, kamar mai magana da kansa.

Sakinatu ta ji tsigar jikinta ta tashi. Kullum tana jin wannan ƙaramar ƙararrawar tun da ta zo, tana zaune a ɗakin malamai tana mintsinin cinyarta don kada ido ya rufe.

"Dariyar fa, Malam?" Alhaji Lawal ya tambaya, muryarsa ta koma ta ɗan aji biyu.

Iya Laraba ce ta amsa.

"Ranar da aka ba shi aji na farko ya zo har gida ya roƙe ni. Ya ce Laraba, ke kaɗai kike iya kayar da ni, ki rufa mini asiri. Na rufe bakina. Kun san abin da ake nufi a hana taubashiya wasa? A bikin 'ya'yansa ina gefe kamar bare."

"'Ya'yana sun girma suna ganin ba na son su," in ji Malam Mamuda. "Jikokina idan suka zo da wasansu sai in tashi in bar wurin. Wannan shi ne kuɗin da na biya kuka kira shi kwarjini. Yarinyar nan ba ta ɓoye ba. Ta je asibiti, ta san sunan abin, tana da maganin da ni ban samu ba, ta zo ta gaya muku gaskiya a fili. Ba zan tsaya ina kallo a ce ta zaɓi tsakanin alli da dariya ba."

Ya zura hannu a aljihun gaba, ya ciro wani tsohon mabuɗi da ke ɗaure da igiyar fata wadda ta yi baƙi don tsufa.

"Ka ce abin da aka saba shi za a yi, Lawal. To ga abin da aka saba. Malamin da yake da wannan lalura a makarantar nan, sito nasa ne lokacin tara. Ba sabon abu ta roƙa ba."

Ya miƙa wa Sakinatu. Ta karɓa da hannu biyu.

"Baba..."

"Kada ki yi kuka, Malama. Shi ma wani lokaci yakan kayar."

Alhaji Lawal ya daɗe yana murza hularsa. Da ya buɗe baki, ba da tsawa ya yi magana ba.

"Malam, ni na ji, na kuma gani da idona. Amma iyaye ba su gani ba. Kai ba wanda ya taɓa ganin ka faɗi, ita kuwa yara arba'in sun gani. Idan na fita na ce ta zauna, sai sun tambaye ni hujja."

"Me kake so?"

"Ta kwanta ɗin. Idan aka dawo tara, ni da mutum uku na kwamiti mu zauna a bayan aji biyar. In ta kai ƙarshen darasi a tsaye, ni da kaina zan bi gida gida in yi bayani. In kuwa aka buga babbar ƙararrawa ba ta bakin aji..."

Bai ƙarasa ba. Babu buƙata.

"Kin yarda?" Malam Mamuda ya tambaye ta.

"Na yarda, Baba."

Daidai nan aka buga tashin tara. Yara suka ɓarke waje da gudu, Iya Laraba ta suri matsaminta tana salati a kan kaskon da ta bari.

Sito ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda. Malam Murtala ya buɗe sabon kwaɗo da mabuɗinsa, na Malam Mamuda kuwa na tsohon makullin jikin ƙofa, kuma da aka murɗa sai ya amsa. A bayan karyayyun bencina da buhunan alli, akwai wani dakali na siminti a jikin bango, tsawon mutum, an ɗan tayar da wajen kai. Malamai sun ɗauka wurin ajiye littattafai ne. Sakinatu ta shafa shi da tafin hannu. Tsakiyarsa ya yi santsi, ya ɗan lotsa.

Ta shimfiɗa mayafinta ta kwanta. Kafin ta gama addu'a barci ya ɗauke ta, a karon farko ba tare da ta yi faɗa da shi ba.

Kwal. Kwal. Kwal.

Ƙaramar ƙararrawa, daf da taga.

Ta buɗe ido. Ta ga rufin kwano, ta ga hasken da ke shigowa ta tsagar taga. Kanta ya yi wasai kamar an wanke shi. Ta yunƙura za ta tashi.

Jikin bai amsa ba.

Dannau.

Ƙirjinta ya yi nauyi kamar an aza mata buhun masara. Harshenta ya ƙi motsi. Tana jin komai: takun yara suna komawa aji, jan benci a aji biyar, tarin Alhaji Lawal. Sai kuma ƙarar mota ta tsaya a ƙofar makaranta, aka rufe murfi, wata baƙuwar murya ta mace ta doso baranda.

"Hedimasta, daga kwaleji nake, na zo duba ɗalibarmu Sakinatu. Ina take?"

Ta yi ƙoƙarin kiran sunan Allah, sautin ya tsaya a maƙogwaro.

Inuwar jar dara ta faɗo a kan tsagar taga. Ashe shi da kansa ya buga ƙararrawar, kuma bai tafi ba.

"Malama," ya ce ƙasa ƙasa. "Na san kina ji na. Kada ki yi kokawa da shi gaba ɗaya, ya fi ki ƙarfi. Ki bar masa jikin. Ɗan yatsa kawai za ki ƙwata. Ƙaramin na hannun dama."

Ta tattara duk abin da take da shi ta kai kan yatsan nan.

"Mai buga babba ya ɗaga ƙarfe," in ji tsohon. "Na riƙe hannunsa. Amma ni tsoho ne, 'yata, ba zan daɗe ina riƙe da shi ba."

Yatsan ya motsa.